Gidan da Na Gina a Makwanci

Tun ina saurayi ba na yarda da mutumin da ya nufo ni da takarda a hannu yana murmushi. Sana'ata ce ta koya mini haka. Barkono nake saye a Gashua da ƙauyukan bakin kogi, in ɗura a buhu, in hau lori da shi zuwa Nguru inda layin dogo ya ƙare, daga nan jirgi ya wuce da shi Kudu. Wanda ya yi shekara goma yana wannan ya ga buhun da aka zuba wa yashi a gindi, ya ga barkonon da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi, ya ga dillali yana rantsuwa a kan kayan da ko buɗe su bai yi ba. Har taƙama nake yi da cewa ba a taɓa cutata sau biyu ba. Abokan sana'a kan tsokane ni, su ce ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta kafin in amsa. Ban taɓa jin haushin wannan maganar ba, yabo na ɗauke ta.

Ni ba ɗan Gashua ba ne, daga wani ƙauye na ƙasar Kano neman abinci ya kawo ni. Da mahaifinmu ya rasu aka sayar da gidan aka raba gado, Inna ta koma wajen ƙaninta da zama. Ba a wulaƙanta ta ba, kada in ɗauki alhakin mutane. Amma gida ne mai yawan jama'a, duk lokacin da aka yi haihuwa ko aka yi baƙi, ita ake ce wa ta ɗan matsa zuwa wancan ɗakin. Wata shekara na je gaishe ta na tarar da ita a ɗakin da ake ajiye hatsi, gadonta a tsakanin buhuna. Ta ce mini ai nan ma da daɗi, ba sauro. Raina ya ɓaci ƙwarai. A nan na yi mata alkawari zan gina mata ɗaki nata na kanta, wanda ba mahaluƙin da zai ce mata ta matsa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika kallon idona ba. Ta dubi ƙasa ta ce Allah ya ba da iko.

Ikon bai zo ba sai a shekarun fari, wajen lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira. Abin kunya ne a faɗa, amma a cikin wahalar da mutane suka sha ni na samu hanya. Kogin da ke gefen Gashua ya janye, ya zama ɗan zirin ruwa da yara ke tsallakawa ba su jiƙa gwiwa ba. Fadama ta bushe ta tsattsage. Masunta suka kifa kwalekwalensu, wasu suka tafi Tafkin Chadi. Fili a cikin tsohon gari, can kan tudu, ya fi ƙarfina, to amma sai wani dillali ya kai ni bayan gari ta wajen kogi, ya nuna mini wani fili shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, da 'yan itatuwa a gefe. Shanun Fulani ne kwance a wurin, ramammu, suna tuƙa. Na tambaye shi sunan unguwar.

Ya ce, "Makwanci ake ce wa nan."

Na dubi shanun, na ce lalle suna ya dace. Dillalin ya yi dariya, bai ƙara komai ba.

Kada a ɗauka na saya ido rufe. Arahar ce ta fara ba ni tsoro, don na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Na yi mako uku ina bincike. Na tambaya ko filin marayu ne, ko akwai rigimar gado a kansa, ko an taɓa sayar wa wani, ko tsohuwar maƙabarta ce, tun da sunan ma ya yi kama da haka. Na sa aka kira mai unguwa da shaidu. Na auna da ƙafata, na sake aunawa da igiya, don kada a ci mini ko taku ɗaya. Duk wata hanya da ɗan Adam zai bi ya cuce ni na toshe ta, sannan na sa magina suka fara buga tubali.

Ana cikin haƙa harsashin gini wani tsoho ya zo wucewa da koma a kafaɗa, irin masuntan Bade da suka ƙi tafiya ko'ina, suna bin 'yan kududdufan da suka rage. Ya tsaya ya daɗe yana kallon magina. Sa'an nan ya yafito ni.

Ya ce, "Afuno, kai ne mai ginin?" Haka mutanen wajen suke kiran Bahaushe.

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ka san sunan wurin nan?"

"Na sani mana. Makwanci."

Ya ƙara dubana, ya ce, "Ka sani, kuma kana gini?"

Na ce, "Na saya da shaidu, Baba."

Ya ce, "To, madalla," ya gyara komarsa ya wuce.

Abin da ya zo mini a rai shi ne tsohon nan yana da wata gona ko wani gado da yake ganin an shiga. Na sa ido ko zai dawo da 'ya'yansa, ko in ji sammaci daga alƙali. Bai dawo ba. Na ce a raina ya ga ba zai ci riba ba.

A Nguru kuwa akwai wani mutum da ake kira Akawun Inshora. Kirista ne, daga can wajen kogin Binuwai ya zo, yana da ɗan ofis kusa da tashar jirgi, tebur ɗaya da kujera biyu da kalanda. Yawanci masu lori ne ke zuwa wajensa, don doka ta tilasta musu. Hausarsa ta nuna, sai dai bai damu da bambanta mace da namiji ba, yakan ce wa mace ya zo, ya ce wa jirgi ta tashi. Shekara da shekaru yana bina in yi wa barkonona inshora. Ni kuwa in ce masa, mutum ya ba ka kuɗinsa saboda masifar da ba ta zo ba, in ba ta zo ba ka cinye, in ta zo ka ce a karanta ƙananan rubutun da ke bayan takarda? Sai ya yi dariya ya ce wata rana zan neme shi. Ban tsane shi ba. Ban dai yarda da shi ba, kamar yadda ban yarda da kowa ba.

Gini ya kai ana ɗora azara sai ga shi a Gashua, ya zo duba wata lori da ta kife. Muka haɗu a kasuwa. Daɗin gidan yana ɗibata, na ce ya zo in nuna masa abin da zai yi wa inshora, tun da ya matsa. Da wasa na faɗa, amma da ya amsa sai na ji a raina ko da gaske ne zan iya yi, saboda ɗakin Inna. Na riga na yanke shawarar a rufa shi da kwano, a yi masa daɓen siminti, abin da ko nawa ɗakin bai samu ba.

Muka je. Maimakon ya shiga ya yaba gini, sai ya tsaya a waje yana kallon ƙasa. Ya zagaya bayan gida. Ya tsuguna ya tsinci wani abu ya miƙo mini, ɓawon katantanwa ne fari, ga su nan birjik a cikin ƙasar da aka haƙo. Ya je gindin wata bishiya ya shafa jikinta daidai ƙirjinsa, inda launin ɓawon ya sauya. Daga nan ya buɗe jakarsa ya fito da wata taswira da ta sha ninki, ya shimfiɗa a kan tubali. Ya ce daga ofishin safiyo kamfaninsu ya samo ta. Ya nuna mini kogi, ya nuna mini tsohon gari, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan wani yanki da aka shafa wa shuɗi.

Ya ce, "Maigida, gidanka tana nan, cikin shuɗi. Wuta zan iya rubuta maka. Ɓarawo ma zan iya. Ruwa kam, a'a."

Na ce, "Wane ruwa, Akawu? Wanda shekara huɗu ba a gan shi ba?"

"Ba ta mutu ba. Tafiya ta yi."

"An tare shi a Kano. Kowa ya san an gina madatsa."

Ya ce, "Kogi biyu ne suke haɗuwa su zo nan, ba ɗaya ba. Kuma madatsa in ta cika buɗewa ake yi." Ya ninke taswirarsa. "Ko ka ninka mini kuɗin, kamfani ba za ta karɓa ba. Ka kwashe kwanonka da azara tun ba ka gama sakawa ba, ka nemi wuri a tudu, ko rabin wannan ne."

Yau da nake rubuta wannan, na san yadda mai hankali zai fassara abin. Mutumin da ya shekara biyar yana roƙon kuɗinka, ka miƙa masa ya ƙi karɓa, ai ya gaya maka duk abin da kake bukatar sani. Ni ba haka na fassara ba. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Me zai sa ɗan inshora ya ƙi kuɗi in ba yana hangen abin da ya fi su ba? Da yamma na gan shi zaune a kantin wani mai sayar da magani, ɗan garinsu, suna cin abinci. Washegari na bincika, aka tabbatar mini mai maganin nan ya taɓa taya filin kafin ni, daga baya ya fasa. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Na haɗa labarin da kaina tsaf: a tsorata ni da shuɗin fenti, in sayar da arha da harsashi da bango a tsaye, su saye su ƙarasa. Ban tambayi kaina abin da ya sa mai maganin ya fasa tun farko ba. Na riƙa ba da labarin a tasha ana dariya, ina cewa an zo kama ni da taswira na zille. Daga ranar na daina tsayawa a ƙofar ofishin Akawu, in na hango shi sai in bi ta bayan sito.

Aka gama gida. Na je da kaina na ɗauko Inna, jirgi zuwa Nguru, lori zuwa Gashua, ina riƙe da ƙullin kayanta a cinya. Na saya mata gadon ƙarfe da katifar rimi da randa sabuwa. Da ta shiga ɗakin ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga kai ta dubi kwano, ta taka simintin da tafin ƙafa. Matata ta tambaye ta inda za a sa gadon. Ta nuna nan, aka sa, ta ce a'a, a mai da shi can. Sau uku ana jan gadon nan, ina tsaye a ƙofa ina jin daɗin da ban taɓa ji ba a rayuwata. A cikin wata ɗaya ta dasa lalle a bayan ɗakin, ta sayi kaji, ta fara yi wa jikokinta faɗa in sun shigar mata da takalmi.

Damina biyu muka yi lafiya. Wasu ma suka ga na zauna suka sayi filaye kusa da ni, muka zama gida shida ko bakwai, duk baƙi irina. Sai daga baya na lura babu ɗan gari ko ɗaya a cikinmu.

A damina ta uku ruwan sama ya dawo sosai, kowa na murna. Har ya fara ɗaukewa, gero ya nuna, sai direbobi suka zo da labarin ruwa ya yanke hanya ta wajen Hadeja, yana tafe. Na ce so suke su ƙara kuɗin mota. Abin da ban sani ba, ruwan Gashua ba daga sama yake zuwa ba. Can nesa ake yin sa, ya yi makonni yana tahowa a hankali, ya iso maka rana na dukan ka, sama fes babu ko gajimare. Da farko rijiyarmu ce ta ciko har ana ɗiba da hannu. Sai tsagogin ƙasa suka fara tsattsafowa. Wata safiya muka fito muka ga filin da ke tsakaninmu da kogi yana ƙyalli, ga fararen balbelu suna tafiya a ciki.

Na kwashe buhunan barkono na wofi, muka cika da ƙasa ni da maƙwabta, muka jera a kewayen gidaje. Kwana biyu muna wannan. Ruwan bai yi faɗa da buhunan ba, ta ƙarƙashi ya ɓullo a tsakar gida. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure tsayuwa a ruwa, gindin bango yakan jiƙe ya yi laushi, sai ka ga ya fara zama. A rana ta uku da hantsi katangar baya ta zauna. Na tura matata da yara cikin gari wajen wani abokin sana'ata. Maƙwabta duk suka fita. Inna ta ƙi.

Na same ta a kan gadonta ta naɗe ƙafafu, ruwa ya rufe simintin ya kai idon sawu, takalmanta suna yawo a tsakar ɗaki. Ta ɗora kajinta biyu a kan akwati. Na tsaya a ƙofa.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Zai janye."

Na ce, "Ƙaruwa yake yi, Inna."

Ta ce, "Kai ka ce a nan ba wanda zai ce in matsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bangon da ke bayan gadonta ya yi baƙi har tsayin kafaɗa, ina ganin tsaga tana tafiya daga taga zuwa ƙasa. Na durƙusa a cikin ruwan na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki taso." Da bakina na faɗa. Ta ce in miƙo mata mayafinta.

Masunta sun riga sun fito da kwalekwale suna kwashe mutane. Wanda ya zo ƙofarmu tsohon nan ne mai koma. Na goyo Inna na sa ta a ciki, da akwatin da kajin. Yana tuƙi da gora, ba ya ko duban hanya, yana bi ta tsakanin gidaje kamar an shata masa. Haushi ya kama ni, don a lokacin ma neman wanda zan ɗora wa laifi nake yi.

Na ce, "Baba, kun san haka wurin nan yake, kuka bar mu muka zuba dukiyarmu?"

Ya ce, "Afuno, ban tambaye ka ba? Na ce ka san sunan wurin, ka ce ka sani."

"Makwancin shanu na sani."

Ya tsai da gorar ya dube ni, da mamaki na gaske a fuskarsa. Ya ce, "Shanu? Shanu aro suka yi, da mai wurin ba ya nan. Makwancin ruwa ne. Nan yake kwana wata uku in ya zo. A daidai ƙofar gidanka ubana yake kafa mali, tarkon kifi."

A wajensa ya yi mini gargaɗi cikakke tun ranar farko. Duk ɗan garin da aka ce wa Makwanci ya san sauran maganar, ba a ƙarasa ta, kamar yadda ba a ce wa mutum kasuwar saye da sayarwa. Ni kuma na yi tambaya ashirin a kan filin nan, ban taɓa cewa makwancin wa ba. Muna cikin kwalekwalen, ba mu kai tudu ba, na ji ƙarar kwano a bayanmu. Inna ba ta waiwaya ba.

Bayan mako biyu sana'a ta kai ni Nguru, na haɗu da Akawu a bakin tasha, babu hanyar kaucewa. Ya riƙe hannuna ya ce ya ji labari, ya tambayi lafiyar Mama. Ina amsawa ina binciken fuskarsa ko zan ga alamar dariya, ko ɗan na gaya maka. Ban gani ba, kuma har ga Allah na so in gani, da na samu abin riƙewa. Ya ce in na tashi sake gini in zo mu duba taswirar tare kafin in sayi fili, kyauta. Na je. Wannan karon na samu ɗan wuri a tudu, bai kai rabin wancan ba, na fara tara tubali a hankali, don ƙarfina ya riga ya tafi cikin ruwa.

Inna tana gidan abokin nan nawa, a wani ɗaki da matarsa ta kwashe kayanta ta ba ta. Mutanen kirki ne, ba su taɓa nuna gajiya ba. Amma kowace safiya in ta idar da salla sai ta naɗe tabarmarta ta jingine a bayan ƙofa, ta ƙulle 'yan kayanta a zane ta ajiye a kan akwati, ta fito tsakar gida ta zauna. Matar gidan ta yi ta roƙonta, tana cewa Inna ɗakinki ne, ki bar shimfiɗarki. Sai ta yi godiya ta sa albarka, gobe ta sake naɗewa. In na ce mata sabon ɗakin ya kusa, takan ce Allah ya ba da iko, ba ta taɓa tambayata a ina yake ba.

Ginin ya kai taga ta rasu, wata ranar Talata bayan azahar, tana zaune a inuwar tsakar gidan mutane. Bayan an dawo daga maƙabarta mata suka shiga ɗakin don su haɗa kayanta. Matata ta fito ta same ni a zaure, ta ce babu abin haɗawa, ta riga ta ƙulle komai tun da safe.